Sanusi da Jinin 'Ya'yana Biyu

Shekara tara ke nan da aka kawo mana gawar ƙanena Sanusi daga hanyar Kaduna. A lokacin direbobi ba sa yarda su rage gudu in sun shigo daji, don tsoron abin da zai iya fitowa daga cikinsa. Motar da ya hau ta faɗa wani rami da gudunta, ta kife. Ba wanda ya ɗora masa bindiga. Ajali ne ya yi kira, tsoron dajin ya zama sanadi. Hutu ya taho yi daga Zariya, inda yake karatun digiri na biyu a kan ƙwayoyin gado, wato abin da ɗa ke ɗaukowa a jikinsa daga uwa da uba.

Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne auta, kuma a bayana ya yi wayo. Na tsaya a sakandare aka yi mini aure a nan Birnin Gwari, shi ya wuce. Duk shekara in wannan lokaci ya zagayo nakan yi masa sadakar waina in yi shiru. Bana na kasa yin shirun, saboda wani abu da ya faru a gidana wanda ba zan iya ba da labarinsa ba tare da Sanusi a ciki ba.

Cikin 'ya'yan da Allah ya ba ni, biyu sun zo da sikila. Na farkon shi ne ɗan farina. Ba na kama sunansa, kamar yadda uwata ba ta taɓa kama nawa ba. Babba nake cewa in zance ya biyo ta kansa, kuma haka zan kira shi a nan. Ta biyun ita ce Safiya. Gwaji ya nuna su biyun SS ne, amma wanda ya gan su ba zai yarda ciwo ɗaya ke jikinsu ba. Safiya, da damina ta yi nisa gari ya ɗauki sanyi, sai ƙasusuwa su tashi. Idonta ya yi ɗorawa, ta dunƙule a kan tabarma tana cizon zane, mu kwashi kwanuka da bargo mu tare a asibiti. Babba kuwa tun yana yaro yake buga ƙwallo har magariba, ya girma yana ɗora buhun masara a kan babur shi kaɗai. Iyakarsa ciwon baya jefi-jefi, ya kwanta yini guda ya miƙe.

Kowa da fassararsa. Wasu suka ce a wajen gwaji aka haɗa jininsa da na wani. Wata maƙwabciya ta ce Safiya ba sikila ba ce, iska ce. Wata kuma, Allah ya yafe mata, ta ce ni ce na fi kula da namijin. Wannan ta daɗe tana cina a rai, don uwa ba ta rasa inda za ta zargi kanta.

Sanusi ne ya sauke mini wannan nauyi. Ya taɓa ɗaukar su biyun zuwa Zariya aka sake duba jininsu, amma bayanin bai shiga kaina ba sai wata kaka da muka haɗu a gidan iyayenmu a Kazage. An gama girbin dawa. Muna zaune ta bayan danga da la'asar ina ɓarar gyaɗa, shanun Fulanin da muke maƙwabtaka da su sun bazu a gonar Baba suna cin kara.

Ya ce, "Yaya, waccan gona ce ko makiyaya?"

Na ce, "Duk karatun Zariyar bai sa ka gane gonar ubanka ba?"

"To shanu me suke yi a ciki?"

"Ai an girbe. Su ci kara, su bar mana taki."

"Ke nan da damina gona ce, da kaka makiyaya ce, kuma ƙasar ba ta motsa daga inda take ba."

Na ce ya faɗi abin da zai faɗa, gyaɗata na jirana. Ya yi dariyar nan tasa mai ɗaga kafaɗa, ya ja kujerar tsuguno.

Ya ce a cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai wani dogon zare da aka gada, rabi daga uwa, rabi daga uba. Akwai wuraren da jiki ke karantawa a zaren ya ƙera abin da yake buƙata, kamar sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Waɗannan su ne kunyoyin da aka shuka. Amma mafi yawan zaren ba a ƙera komai da shi, har akwai lokacin da masana da yawa suka ɗauke shi juji. Daga baya aka gano a nan ne ake samun masu cewa a buɗe, a rufe, a ƙara, a rage. Abin da ya fi ba shi mamaki, in ji shi, shi ne babu danga tsakanin ɓangarorin biyu. A tsakiyar ƙwayar gado guda akwai filaye da ake yankewa a ajiye gefe kafin a yi ƙira, kuma a cikin irin filin nan da aka yanke ana iya tarar da makullin wani aiki babba. Wani wurin ma shuka ne ga wannan aiki, hanya ce ga wancan. Wuri ɗaya, amfani biyu.

Na ce, "To ina ruwan wannan da ƙashin Safiya?"

Sai ya daina dariya. Ya ce kuskuren da ke kawo sikila a cikin shukar yake, harafi ɗaya ne ya canza, kuma iri ɗaya ne a jikin su biyun. Amma kowane jariri yana zuwa duniya da wani irin jini da ya yi amfani da shi tun a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Bayan 'yan watanni jiki ke rufe wannan ya buɗe na manya. Ya tambaye ni ko na tuna yadda Safiya take kafin ta fara zama. Na tuna mana: ɓul-ɓul, ko zazzaɓi ba ta yi, sai daga baya hannuwa da ƙafafu suka fara kumbura. Ya ce to a jikin Safiya an rufe jinin jarirantakar ruf. A jikin Babba ba a ƙarasa rufewa ba, har yanzu yana da shi da ɗan yawa, shi ke tare masa. Kuma cikin abubuwan da ke sa a rufe ko a bari a buɗe, akwai wanda ke zaune a irin filin nan da ake yankewa, wanda a da ba a ɗauke shi a bakin komai ba.

"Ba abincinki ba ne, Yaya. Ba ki fifita kowa ba. Tun ran da aka halicce su aka raba musu haka."

Na juya baya na ci gaba da ɓara, don kada ya ga idona.

Ya bari na nutsu, sannan ya ƙara wata maganar da a ranar ban ba ta muhimmanci ba, don Babba ko gemu bai fara ba. Ya ce harafin sikila, duk ɗan da Babba zai haifa sai ya ba shi, tunda biyu gare shi, ba shi da wani da zai bayar. Amma sauƙin da yake samu a wasu wurare daban yake zaune, rabonsa daban ake yi. Ɗa zai iya samu, zai iya rasawa. "Shaidar tana ɗakinki. Ke da mijinki Malam kuka haife shi, ku kuka haifi Safiya."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kwanakin baya na ji a rediyo cewa a ƙasashen waje an fara yi wa masu sikila wani aiki: ba harafin da ya lalace ake taɓawa ba, wancan makullin ake taɓawa, jinin jarirantaka ya dawo. Na ajiye muciya na tsaya ina saurare kamar muryarsa nake ji. Na san da yana raye da ya kira ni kafin a gama labaran, yana haɗa kalmomi don ɗoki. Na kuma san da murnar ba ta daɗe a fuskarsa ba, don shi mutum ne mai saurin tambayar wa zai samu. Irin wannan aiki bai san hanyar garinmu ba tukuna. Abin da ya iso mu shi ne wani magani da likita ya ɗora Safiya a kai, wanda aka ce yana ɗaga jinin jarirantakar. Ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, kwanciyar asibiti ta ragu, har ta buɗe ɗinki a ɗakin ƙofar gida. Amma in hadari ya haɗu har yanzu idona a kanta yake.

Da ya je Kazage kuma, ban san yadda zai ji ba. Gonar Baba ta yi shekaru ba a sa mata fartanya ba, sai kwanan nan da aka ɗan samu lafawa 'yan'uwa suka koma, suna noma suna waiwaye. Shanu ba sa shigowa da kaka yadda suka saba. Mutanen da iyayenmu suka yi shekaru suna musayar nono da hatsi da su, wasu sun tashi, waɗanda suka rage kuwa ana gaisawa ne daga nesa, kowa na tsoron a ɗora masa laifin wani. Ƙasar ta gaji don rashin taki. Na lura mutum in ya tsorata ya fi son a ja masa layi a fili, nan gona can daji, wannan namu wancan nasu, wannan mai lafiya wancan maras lafiya. Sanusi ya rayu yana ganin cewa halittar Allah ba ta cika bin irin layin nan ba.

Bara ne maganarsa ta biyun ta zo ta same ni. Babba ya ga yarinya a Tsohon Birnin Gwari, Rahina, 'yar wani abokin mahaifinsa. Ni kaina na so ta. Ranar da ta fara zuwa gaishe ni ta tarar ina tsince shinkafa, ba ta tambaya ba ta ja faifai ta zauna. Aka kai gaisuwar iyaye, aka je gwajin jini yadda ake yi yanzu kafin aure. Nasa ya sake fitowa SS, nata AS. Ma'aikaciyar da ta ba su sakamakon ta yi musu bayani, ta ba su shawarar su sake tunani.

Manya suka zauna a zaure, suka kalli abin da idon manoma. Malam, maigidana, mutum ne da ya san iri. Duk kaka shi ke zaɓar zangarniyar da ta fi cika ya rataye inda hayaƙi ke samunta, don baɗi ta ba da irinta, kuma ba ta cika ba shi kunya ba. Haka suka auna ɗan nasu. Suka ce ma'aikatan asibiti masu sikila irin Safiya suka saba gani, ba su san Babba ba. Tasa mai sauƙi ce, in ma 'ya'yan sun ɗauko, irin tasa za su ɗauko. Ba mugunta a cikin wannan magana, kuma ba wauta ba ce. A gona gaskiya ce. Aka tashi a kan za a sa rana bayan girbi.

Na sami Malam a ɗaki na maimaita masa abin da Sanusi ya ce. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya jiƙan Sanusi, amma an riga an yi magana da mutane, kuma shi bai ga yadda ƙato kamar wannan zai haifi abin tausayi ba. Na ce mu ma ai ƙattai ne muka haifi Safiya. Ya ɗauki hularsa ya fita masallaci.

A al'adarmu uwa ba ta zama da ɗan fari ta yi masa zancen aurensa. Kawunsa ake turawa. Wannan aikin Sanusi ne, shi zai ja shi gefe su hau babur su fita bayan gari, su yi ta cikin raha. Na duba dangi kaf, ban ga wanda zai iya ɗaukar maganar ya kai ta ba tare da ta zube a hanya ba, don ni kaɗai aka yi wa bayanin. Na yi ta istihara ina jinkiri, ana ta ɗinkin kayan lefe a ɗakin Safiya.

Wata safiyar ranar kasuwa yana tsakar gida yana goge babur, sai na ji bakina ya kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda rabona da shi tun ranar da aka raɗa masa. Tsumman ya faɗi daga hannunsa. Ya waiwaya yana neman wanda ya yi kiran, sai ya ga ni kaɗai ce a tsaye.

Ya zo ya tsuguna. "Umma, lafiya?"

Na ce ya zauna. Na faɗa masa duk abin da kawunsa ya faɗa mini, da gonar da shanun, yadda na iya. Na ce masa da shi da Rahina kowane ciki rabi da rabi ne, ko AS ko SS, kuma in SS ya zo ba mai iya yi masa alkawarin irin nasa ne ba irin na ƙanwarsa ba.

Kansa na ƙasa ya ce, "Umma, sau nawa kika taɓa kwana da ni a asibiti?"

Na ce, "Ba a kanka nake tsoro ba. Rahina ce za ta kwana da naka."

"Komai ai na Allah ne."

"Na Allah ne. Sanin ma Shi ya bayar, kuma zai tambaye mu abin da muka yi da shi. Ni da babanka ba mu sani ba lokacin da aka haɗa mu, ba wanda ke gwaji a lokacin. Kai ka sani. In ana neman jijiya a hannun Safiya aka rasa aka koma ƙafa, kai fita kake yi waje. Ni ke riƙe ƙafar."

Ya ce, "To cewa kike in fasa?"

Na ce ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Abu ɗaya na roƙe shi: ya je ya faɗa wa Rahina maganar yadda take, ba yadda aka gyara ta a zaure ba. In ta ji ta yarda, ni zan fi kowa rawar kai a bikin. Ya tashi ya tura babur har waje kafin ya tayar, abin da ba ya yi.

Ya faɗa mata. Na san haka ne don bayan 'yan kwanaki ta zo, ta gaishe ni a gurguje ta wuce ɗakin ɗinki. Ina daga madafa ina jin Safiya tana tsokanarta, wai amarya ta zo duba ko an rage mata yadi. Suka yi ta dariya. Daga nan keken ya tsaya, muryoyin suka yi ƙasa. Ban matsa kusa ba. Daga baya na tambayi Safiya me suka tattauna, ta ce, "Tambayata ta yi yaya ciwon yake, Umma. Ni kuma ban rage mata komai ba." Ta ƙara da cewa, "Na kuma gaya mata ban taɓa cewa da ba a haife ni ba. Kada ta tafi da wannan." Ban san 'yata ta girma haka ba sai ranar.

Mahaifin Rahina da kansa ya zo ya maido kayan gaisuwa, cikin mutunci, shi da Malam suka rabu suna share ido. Ban ji daɗin nasara ba, don ba nasara ba ce. Babba ya daina cin abincin gida. In ya shigo ya gaishe ni daga bakin ƙofa, gajeriyar gaisuwa irin ta baƙo. Malam ya taɓa ce mini, ba da faɗa ba, "Kin raba su, sai ki yi ta addu'a kin yi daidai." Ina kan yi. Da aka ɗaura wa Rahina aure da wani a farkon bana na aika da gudummawata, na shiga ɗaki na yi kukana. Har gobe ban san 'ya'yan da da za su haifa ba. Wataƙila da duk sun zo lafiya. Wannan sanin na Allah ne, kuma zan rayu da rashinsa.

Sanusi bai ƙarasa digirinsa ba, bai yi aure ba, bai bar ɗa ko gini ba. In ana lissafin waɗanda suka yi wani abu a fagen da ya karanta, ba za a ambace shi ba. Abin da ya bari shi ne bai taɓa ganin yayarsa mai tsince shinkafa ta yi ƙanƙanta da a zauna a yi mata bayani har ta gane ba. Ya cire mini zargin kaina a kan Safiya, ya kuma bar mini amanar da ta yi mini nauyi ranar da na sauke ta. Allah ya haskaka makwancinsa, ya sa abin da ya sanar da ni ya zama mai bin sa da lada, ya ba masu wannan ciwo da iyayensu sauƙi daga inda ba su zata ba.

Makon jiya da la'asar ina tuƙa tuwo, Babba ya shigo ya zauna a kan turmi a bakin madafa. Ya tambaya ko da saura a tukunya, na zuba masa. Ya ci rabi yana kallon kwano, sannan ya ce akwai wata yarinya a unguwar da yake kai kaya. Bai yi mata magana ba, ko sunansa ba ta sani ba. Ya ce ba zai bari zuciyarsa ta yi nisa ba sai an san jininta, amma ya rasa wanda zai shiga gidan ya yi wa uwarta wannan tambaya ba tare da an ji haushi ba.

Na ce ya bari in sauke tukunya in ɗauko mayafi. Ni zan je.